Cutty Sark: jirgin fatake ko jirgin ɓarayi?

Baban Ummi: Salam jama'a. Wlh yau raina a ɓace yake. Mun je Greenwich a Landan da abokan karatu muka ga tsohon jirgin ruwan nan Cutty Sark, yana ajiye a kan tudu tun 1954, an ɗaga shi sama har mutum ya bi ta ƙarƙashinsa yana kallon cikinsa na ƙarfe yana sheƙi. Kowa sai yabon gudunsa yake, wai daga Sydney zuwa Landan kwana 73 da iska kawai ba inji. Da na kawo zancen John Francis, baƙin mutum ma'aikacin jirgin da mataimakin kyaftin Sidney Smith ya rafka wa sanda a ka a 1880 ya mutu bayan kwana uku, sai aka ce in bari kar in ɓata wa mutane yawo. Shekara bakwai kacal aka yanke wa Smith. Ran mutum fa! Jirgin ɓarayi kawai.

Malamin Tarihi: Wa'alaikumussalam. Ƙanena ka janye kalmar ɓarayi. Shayin da ya ɗauko daga Shanghai a 1870 saye aka yi da kuɗi, mai jirgin John Willis ɗan kasuwa ne, me ya sata?

Yaya Babba: Malam da girmanka, wa ya buɗe musu Shanghai ɗin? Ba bakin bindiga ba ne? Sai da Ingila ta yaƙi Sin a kan cinikin ofiyom, kayan maye, aka sa hannu a yarjejeniyar Nanjing a 1842 sannan tashar ta buɗu. In na fasa ƙofar shagonka na tsaya da adda na ce ka sayar min, ciniki ne wannan?

Malamin Tarihi: A 1869 aka ƙera jirgin a Dumbarton, shekara 27 bayan abin da kake faɗa. Laifin kaka ba ya bin jika.

Maman Khalifa: Ni dai na ji an ce bayi ma ya yi jigila

Malamin Tarihi: Hajiya wa ya ce? Ingila ta haramta cinikin bayi tun 1807. Shayi ya ɗauka har 1877, da jirage masu inji suka ƙwace kasuwar saboda mashigar Suez sai ya shiga ɗaukar kwal da duk abin da ya samu, daga 1883 kuma gashin tumaki daga Ostireliya.

Yaya Babba: Yawwa ka kawo kanka. Tumakin a ƙasar wa suke kiwo? Ba filayen 'yan asalin ƙasar aka ƙwace ba? Daga baya ma da aka sayar wa 'yan Fotugal a 1895 suka sa masa Ferreira ina ya riƙa zuwa, ba Angola da Mozambik ba, ƙasashen da suke mulka? Wanda ya riƙe wa ɓarawo buhu sunansa me?

Autan Gida: Ku bar wahalar da kanku, ni abin da na gani shi ne wani yana so mu san ya je Landan, tun satin jiya hoto yake turowa ba wanda ya tanka shi ne yau ya ɓullo ta nan

Baban Ummi: Auta ka ji tsoron Allah. Ni sa'anka ne? Zancen mutumin da aka kashe nake yi.

Autan Gida: Sa'a kuma? wata nawa ka ba ni yaya

Maman Khalifa: Auta ka daina, ko da kwana ɗaya ya girme ka yayanka ne. Haka ka yi wa Yaya Babba ranar bikin nan kowa ya yi shiru.

Yaya Babba: Hajiya bar tuna min, har yau bai ba ni haƙuri ba.

Mai Shago: Ni gudun ma ban yarda ba, ai wani jirgin shayin mai suna Thermopylae ya riga shi isa Landan a tseren 1872

Malamin Tarihi: Da mako guda, kuma don abin juya akalar Cutty Sark ya karye a teku suka tsaya suka haɗa wani da hannunsu. Kafin nan shi ne a gaba.

Yaya Babba: Dubi yadda kake kare shi kamar na gidanku. Duk wanda ya yi karatu a Ingila haka yake dawo mana.

Malamin Tarihi: Wannan cin fuska ne, ban zagi kowa ba.

Admin: To ya isa haka, dare ya yi. Abin da muka fahimta: Malam ya kawo hujja da shekaru, jirgin na kasuwanci ne, bai ɗauki bayi ba, saboda haka kalmar ɓarayi ba ta dace ba kuma a janye ta. Sauran duk zafin rai ne. Malam shi ya koyar da mu a aji, a riƙa sanin da wa ake magana. Auta ka kira yayyenka gobe. An rufe.

Baban Ummi: Na ji ranka ya daɗe. Amma kyaftin ɗin jirgin da kansa, James Wallace, da ya taimaka wa Smith ya gudu ma'aikata suka ƙi aiki, ƙarshe faɗawa ya yi tekun Java ya mutu. Shi abin ya hana shi barci. Ku kuma cikinku ko mutum ɗaya bai ambaci sunan John Francis ba.