Mai wuri na da ikon ƙin wanda bai so?

Anti ta Mabera: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ta tafi neman aikin akawu wani kamfani nan cikin gari. Jarrabawar da sunka yi, ita ta zo ta ɗaya. Da manaja ya ga sandarta, don shan inna ya taɓa mata ƙafa tun tana yarinya, sai ya ce ofishin bisa bene yake, ta yi haƙuri. Ta dawo ta aje takardunta bisa firij, ko tuwo ba ta taɓa ba. Maigidana ya ce mai wuri na da ikon ɗaukar wanda ya ga dama. Ni ban yarda ba.

Baffa na Kanwuri: Allah shi ba ta wanda ya fi. Amma ɗiyata, mijinki bai yi ƙarya ba. Shekara 30 ina shago Babbar Kasuwa, ban taɓa ɗaukar yaron da ban san ubanshi ba. Dukiyata ce, wa zai tilasta mani?

Lauya na Arkilla: Baffa, Allah shi ƙara girma, binciken amana daban, ƙin mutum don halittarshi daban. Akwai dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Buhari ya sa ma hannu a Janairun 2019. Har kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati ta ware masu. Lissafi da kai ake yin shi, ba da ƙafa ba. Tebur ɗaya za a saukar ƙasa, shi ke nan.

Malama Nas ta Gwiwa: Wanga zalunci ne, babu ja. Sai dai kada mu ce kowane bambanci laifi ne. Na ga mace ta taso tun daga ƙauyen Gada da naƙuda, ta leƙa ɗakin haihuwa ta ga namiji, ta ja zanenta ta ce a mai da ta gida. In asibiti ya ce ungozoma mace yake nema, rai yake ceto.

Lauya na Arkilla: Gaskiyarki Malama. Yarjejeniya ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1958, ita kanta ta ce sharaɗin da aikin da kanshi ke buƙata ba wariya ba ne.

Malamin Makaranta na Minanata: To ku tsaya. Rabon gurabe tsakanin jihohi fa? Sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1999 ya ce kada wani yanki ya mamaye aikin tarayya, akwai ma hukuma sukutum da anka kafa don haka a 1996. Wani ya fi ka maki, a ɗauke ka don jiharka. Mu munka fi kowa kare wanga tsari, kuma ina kan kare shi. Ba don Sardauna ya dage kan fifita ɗan Arewa a aikin gwamnatin Arewa ba, da iyayenmu sun ƙare masinjoji a garinsu. Ke nan akwai wariyar da ta halatta.

Anti ta Mabera: Malam, waccan don a jawo wanda anka bari baya ce. Ƙanwata ita ce anka bari baya, kuma ita anka ture.

Lauya na Arkilla: Kuma wuƙar nan baki biyu gare ta. Ku tambayi Bahaushen da anka haifi kakanshi a Jos wahalar da yake sha kan takardar shaidar zama ɗan jiha. Sashe na 42 ya hana a tauye ɗan ƙasa don ƙabila, asali, jinsi ko addini, amma takardar nan ita ke rufe mashi ƙofa.

Baffa na Kanwuri: Ni har yanzu ban ga yadda hukuma za ta shiga shagona ba. Amma manajan ga bai kyauta ba, tunda shi ya kira ta jarrabawa.

Lauya na Arkilla: Anti, irin wagga ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ke sauraro. A rubuce ya ba ta dalilin, ko ta waya?

Anti ta Mabera: Baki da baki ya gaya mata. Amma akwai wata da sunka yi jarrabawar tare tana zaune wurin, kuma ta karɓi lambarta.