Wadirof mun ara, to me za mu kira abin da ke cikinsa?

1/ Jama'a, ku taya ni neman kalma. Jiya ina bayyana wa kafinta yadda nake son cikin wadirof ɗina, sai na ji kaina ina ta "nan ka sa abin nan, can ka sa wancan". Da nuni da yatsa muka gama fahimtar juna.

2/ Sunan wadirof kansa ba ni da rigima da shi. Wasu sif suke cewa, wasu kabad. Su ma Turawan Ingila daga tsohon Faransanci suka aro shi, ma'anarsa tsare tufafi, kuma da fari ɗaki ne guda, ba akwatin katako ba. A bar mana abinmu.

3/ Inda na maƙale shi ne ɓangaren da ake rataye kaya, mai sandar ƙarfen nan da Bature ke kira "rail". Na fara cewa maratayi. Wani malami ya tare ni a sharhi, ya ce maratayi ai hanga ce. Na duba, gaskiyarka Malam. Kalmar da ta fara da "ma" ta ƙare da "i" sau da yawa abin aiki take nufi, kamar mabuɗi da magirbi. Wadda ta ƙare da "a" kuwa sau da yawa wuri ce, kamar makaranta, majema, mahauta. Ke nan harshen ya riga ya raba mana gardama: maratayi shi ne hanga, marataya wurin da ake jera su, ƙarfen kuma sandar marataya.

4/ Kada a ɗauka wasa da kalmomi nake yi. Da zarar wurin ya sami suna, za ka iya ba shi awo. Faɗin hanga ta manya kusan santimita 45 ne, shi ya sa zurfin marataya yake buƙatar kusan santimita 60, in ba haka ba ƙofa ta riƙa matse hannun riga. Gajerun kaya, irin shat da wando da aka ninke biyu, tsayin santimita 100 ya ishe su. Wadirof mai tsayin mita 2 da ɗoriya zai ɗauki marataya biyu, ɗaya bisa ɗaya, wato ka ninka wurin rataya ba tare da ka ƙara ko taku ɗaya a ɗaki ba. Dogayen riguna su ne ke son santimita 150 ko fiye, sai a ware musu gefe guda siriri. Yawancinmu sanda ɗaya ake kafa mana can sama, rabin wurin ya tashi a banza, ƙasa ta zama juji na takalma da ledoji.

5/ Sai "shelf", wato katakon da ake jera ninkakkun kaya a kai. Wata 'yar'uwa ta ce kanta. Hajiya, ban ƙi ba, amma ni kanta shago take tuna min. Na fi karkata ga hawa, domin ana iya ƙirgawa: hawa biyu, hawa biyar. Tsakanin hawa da hawa kada ya wuce santimita 30 zuwa 35. In ya yi nisa, tulin kaya ya yi tsawo, ka zaro ɗaya daga ƙasa sauran su rufto maka.

6/ Durowa ta zauna daram, ba mai taɓa ta. Can ƙololuwa kuma, inda hannu ba ya kaiwa sai an taka kujera, wurin bargo da akwatin tafiya, wani ya kawo rumbu. Na yi dariya, sannan na ga ya dace da abin da ake ajiyewa sai lokacinsa ya zo.

7/ Gobe zan koma wurin kafinta in ce masa marataya biyu a hagu, hawa biyar a dama, durowa uku a ƙasa, rumbu a sama. In ya gane ba tare da na ɗaga yatsa ba, zan dawo in faɗa muku.