Musayar Baitoci: Lucky Dube da Bindigar da Ta Ci Shi

Ɗan Tudun Wada, Gusau:
Salamu alaikum. Jiya wajen mai shayi na ji muryar Lucky Dube, mawaƙin rege, sai zuciya ta motsa. An haife shi 1964 a garin Ermelo, Afirka ta Kudu. Mai amsa ya amsa.

Na zo da waƙar ɗan Ermelo,
Wanda talauci bai raga wa ba.
Uwatai ta sha ɓari kamin shi,
Ta sa mai suna "Sa'a", ba ta ɓata ba.
Kaka ta goye shi, ya yi aikin lambu,
Ladan bai kai ga cika tukunya ba.

Baba Tela, Ƙauran Namoda:
Ɗana, tsaya in tambaye ka,
Ban ga dalilin wanga yabo ba.
Mai tukkun gashi har gadon baya,
Ba mu gaji haka wurin iyaye ba.
Ga Ɗanƙwairo nan gida Zamfara,
Ba ka yi mai ko baiti ɗai ba.
Masu kiɗan rege an san su da wiwi,
Ko kai ba ka ji labari ba?

Ɗan Tudun Wada:
Baba, Allah shi ba ka haƙuri,
Ɗanƙwairo namu ne, ban musa ba.
Amma wanga bai sha wiwi ba,
Giya da taba, bai kusance su ba.
Da kiɗan Zulu ya fara nema,
Ya ga bai isar da kukan baƙar fata ba.
A 1984 ya koma rege,
Gwamnatin wariya ba ta so ba.
Ta hana faifan shiga kasuwa,
Shi ko bai rufe baki ba.
Ya ce fari da baƙi su haɗa kai,
Lokacin Mandela bai fito ba.

Ƴar Mafara:
Yaya, ka taɓo mini gyambo. Sai da na share hawaye kamin in rubuta.

Yayana direba, ɗan uwa ɗaya,
Ba ya tafiya babu kaset ɗin ba.
Yana bugun sitiyari yana rakiyar waƙa,
Alhali bai iya Turanci ba.
Ran wata Laraba ɓarayin daji suka tare hanya,
Motar ta dawo, shi bai dawo ba.
Mun sai da gona, mun kai musu kuɗɗi,
Wayar ba ta sake ƙara ba.
Shi ma Dube, Oktoban 2007,
Ɓarayin mota ba su bar shi ba.
A Johannesburg ya sauke ɗiyanai,
Harsashi bai ji kunyar yaran ba.
Arba'in da uku ya yi a duniya,
Bai ga furfura ta cika kai ba.
Uku an ɗaure su rai da rai, 2009,
Namu har yau ba mu ga kotu ba.

Baba Tela:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ɗiyata, Allah shi bayyana shi,
Ban san kina ɗauke da wanga ba.
Batun gashi dai ina kan bakana,
Amma ban san sauran halinai ba.
Ɗana, turo min waƙar a waya,
Da fassara, don ban yi boko ba.
Gobe in na hau keken ɗinki,
Ba zan taka ba sai na ji ta.