Takalmin aiki ya matse ni, ƙafafuna suna sagewa a ɗakin sanyi

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina aiki a wani ɗakin sanyi da ke Asafo, nan Kumasi, inda muke ajiye kifi da kaji, kuma sanyin ciki yakan kai digiri 18 ƙasa da sifiri. Takalmin da aka ba ni lamba 42 ne, alhali 43 nake sawa. Tun da na fara sa shi, da zarar na yi rabin awa ina jidar kwalaye sai yatsun ƙafata su yi fari su sage, idan na fito kuma su riƙa zugi kamar ana soka mini allura. Na ƙara safa ta biyu don in sami ɗumi, amma sai abin ya ƙara muni. Me ke kawo wannan, kuma yaya zan yi?

Alhaji Mai Goro, Asawasi:

Wa alaikumus salam. Yaro, safar nan ta biyu ita ta ƙara maka wahala, domin ta cinye ɗan sararin da ya rage a cikin takalmin. Ka cire ta tun yau.

Baƙon Kalgari:

Gaskiya Alhaji ya faɗa, kuma zan ƙara bayani, domin na sha wannan wahalar. Ni haifaffen Sabon Zango ne, amma aiki ya kai ni Kanada. Tun da na ga Kwame Nkrumah-Acheampong ya wakilci Gana a gasar Olamfik ta hunturu a Bankuba a 2010 nake sha'awar wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, kuma ranar da na fara gwadawa na ɗaure maɗauran takalmin tamau, sai ga shi ƙafafuna sun sage kafin azahar.

Takalmi da safa ba su da zafin kansu, ƙanena. Jini ne ke kai ɗumi zuwa yatsu, aikin takalmi da safa kawai su tsare ɗumin kada ya fita. Akwai jijiyar jini da ta bi ta saman ƙafa, kusa da fata, wadda za ka ji bugunta idan ka ɗora yatsa, kuma daidai wurin ne igiyar takalmi ke dannewa. Ga shi sanyi da kansa yana sa jijiyoyin yatsu su tsuke, saboda haka matsi biyu ne suka haɗu maka. Shi ya sa masu wasan zamiya suke sa safa ɗaya tak, marar kauri, ta ulu, suke kuma sassauta maɗauri duk lokacin da suka tsaya hutawa. Ka guji safar auduga, domin tana riƙe zufa, kuma jiƙaƙƙiyar ƙafa ta fi saurin yin sanyi. Ka nemi takalmin da za ka iya motsa yatsunka a ciki, ka gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka kuma shanya shi kullum.

Hajiya Nas, Tafo:

Ɗana, abin da ya fi damuna shi ne farin da yatsun suke yi. Kada ka murza su, kada kuma ka kanga su a wuta, domin fatar da ta sage tana ƙonewa mutum bai ji ba. Ruwa mai ɗumi-ɗumi ya isa. Idan kana shan taba ka daina, tana tsuke jijiyoyi. Ka je a auna maka suga da yawan jini, kuma idan kana da sikila ka gaya wa likita irin aikin da kake yi, domin sanyi yana tayar da ciwon. Idan ka ga bororo ko fatar ta yi baƙi, ka wuce asibitin Komfo Anokye a ranar.

Ɗan Aboabo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, ba na shan taba, amma ban taɓa auna suga ba, zan je ranar Litinin in Allah ya yarda. Na kuma yi wa maigidana magana, ya yarda zai canza mini takalmin zuwa lamba 44.