Na'urata tana lalata fayil duk sanda wuta ta ɗauke, wane tsarin fayil zan koma?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na haɗa wata 'yar na'ura da ESP32 (ƙaramin guntun kwamfuta), tana auna zafin firjin ajiye magani tana rubutawa kowane minti ɗaya a kan filash (guntun ajiye bayanai) W25Q128, mai megabait 16. Tsarin fayil na FAT na sa mata kai tsaye da manhajar FatFs. Da sola take aiki, kuma wajen asuba batir kan yi ƙasa ta mutu. Sau uku ke nan ina zuwa in tarar fayil ɗin ya dagule, bayanan sati guda sun tafi. Jiya mai shagon ya tsaya a kaina yana jiran in nuna masa zafin daren Talata, ni kuwa ba abin da ke fitowa sai tarkacen haruffa. Wallahi kunya ta kama ni. Wane tsarin fayil zan koma, SPIFFS ko littlefs?

Wani ɗan rukuni:
Wa alaikumus salam. Malam, FAT ba a yi shi don yankewar wuta ba. Idan ka ƙara layi ɗaya, sai ya rubuta bayanin, in ya buƙaci sabon wuri ya gyara teburinsa mai nuna inda kowane fayil yake, ya gyara girman fayil. Wuta ta tafi a tsakani, shi ke nan, teburi da bayani sun saɓa. Koma littlefs.

Wata injiniya:
Ƙanena, akwai matsala ta biyu da ba ka gani ba tukuna. Wannan filash ɗin ba a sake rubutu a wuri sai an goge sashe sukutum, kilobait 4, kuma kowane sashe gogewa kusan 100,000 aka yi masa alƙawari. Kai kana taɓa sashen da ke riƙe girman fayil sau 1,440 a rana. Yi lissafi: cikin kwana 70 ka cinye adadin. Ko wuta ba ta taɓa ɗaukewa ba, wannan sashen gajiya zai yi.

Shi littlefs, wanda aka fara a kamfanin ARM, ba ya taka tsohon bayani. Sabon wuri yake rubutawa, sai ya kammala sannan ya juya alama zuwa can. In wuta ta yanke, kana farkawa da fayil yadda yake a rubutu na ƙarshe da ya kammalu. Kuma yana yawo da rubutun a sassa 4,096 da guntun yake da su. SPIFFS kam ba na ba ka shawara: ba shi da foloda ta gaske, kuma yana yin nauyi sosai idan ya haura kashi 75 na cika.

Mai tambaya:
Na gode Yaya. To amma da FAT nake iya kwafe duk abin da ke cikin filash ɗin in buɗe a kwamfuta.

Wata injiniya:
Windows ba ya karanta littlefs, gaskiya ne. Ka sa na'urar ta turo fayil ɗin ta USB ko Wi-Fi. Sannan kada ka riƙa rufe fayil kowane minti; duk rufewa littlefs na kwafe sashen ƙarshe da bai cika ba zuwa sabo. Tara awo goma a RAM (ma'ajiyar wucin gadi), ka zuba lokaci guda, kuma kowace rana da nata fayil.

Wani dattijo a harkar:
Ku yi haƙuri in sa baki. Yaro, auna ƙarfin batirin nan. Da ya kusa ƙasa, na'ura ta zuba abin da ta tara, ta rufe fayil, ta daina rubutu. Ƙara kafasita babba, mai riƙe 'yar wuta na ɗan lokaci, a layin wuta don ta samu sararin yin haka. Kafin ka mayar da ita shago, ɗaura mata rile, wato makunni mai sarrafa kansa, ya riƙa yanke wuta ba tsari, dare biyu cur, ka duba da safe.

Mai tambaya:
Ina da rile a akwati. Yau da daddare zan ɗaura, in sha Allah ranar Asabar zan kawo muku sakamako.