Bol ɗin giya sit yana ta kwancewa: in sa masa maganin riƙe noti?

Assalamu alaikum, kanikawa da masu sanin mota. Wata biyu ke nan da na canza giya sit ɗin motata (mazaunin roba da ke riƙe giya a jikin mota), amma bol biyu da ke shiga jikin giyar sun ƙi zama. In na ɗaure, bayan sati biyu sai in ji "kwas" a ƙasa duk lokacin da na saki kuloci, sandar giya tana rawa a hannuna. Jiya da na shiga ƙarƙashinta, da yatsa na juya ɗaya.

Na sa sabuwar wosha, na wanke ramin da fetur, na sayo sababbin bol. Duk a banza. Ina tsoron ƙara matsewa da sufana, domin jikin giyar alminiyam ne, tiredin zai iya cinyewa.

Wani bakanike ya ce in ɗiga Loctite, wato maganin riƙe noti, wani ya ce ba a sa wa wurin. Na san Loctite ja mai lamba 271 sai an gasa shi da wuta kafin ya kwance, ga robar giya sit a gefe. Shuɗi 243 kuwa sufana na kwance shi.

Shuɗin zai riƙe bol a ramin alminiyam da mai ke ɗan jiƙawa? Na gode.