Rage nauyin ƙididdiga a tsarin fayil na Linux

A muhawarar yadda za a rage nauyin ƙididdigar ayyukan da tsarin fayil ke riƙewa, abin da aka fi kokawa da shi shi ne lissafi guda ɗaya da duk CPU (sassan kwamfuta masu sarrafa aiki) ke rububin ƙara wa lamba. Kowane ƙari sai ya janyo layin ma'ajiyar wucin gadi (cache line, guntun bayanin da lissafin ke ciki), mai bayit 64 a yawancin injuna, daga wannan CPU zuwa waccan. In CPU sun yi yawa, wannan kai-da-kawo kan cinye lokaci ba kaɗan ba.

Shawarar da ta fi karɓuwa: kowace CPU ta riƙe nata lissafin, ba a haɗa jimilla sai wani ya buɗe fayil ɗin ƙididdiga, /proc/fs/xfs/stat. Haka tsarin fayil na XFS ke yi. Karantawa za ta yi nauyi, to amma wa ke duba ƙididdiga sau dubu a daƙiƙa?

Sauran fili a faifai kuwa ba ya son kame-kame. Nan tsarin fayil na ext4 ke amfani da percpu_counter, wani lissafi na kowace CPU, wanda ba ya taɓa babban lissafi sai ƙari ya taru, kuma in faifai ya kusa cika sai a tara adadin daidai.

Wasu sun ce a kashe ƙididdigar da ba a buƙata ta hanyar static key, wato makunnin kunnawa ko kashe wani ɓangaren manhaja a Linux. Ni dai na fi karkata ga masu cewa a fara aunawa da perf, manhajar auna aiki ta Linux, tukuna.